Hannu biyu ba sa riƙe rai uku

Daren Talatar da ta wuce ni kaɗai ce ungozoma a ɗakin haihuwa, a wani asibiti nan Minna, daga ni sai mai shara. Abokiyar aikina ta tafi Saudiyya tun bara, har yau ba a cike gurbinta ba.

Wajen ƙarfe biyu wata mai haihuwa ta bakwai ta sauka, jini ya ɓalle. Na ɗaura ruwa, na yi oksitosin, ina cikin murza mahaifa sai ga Keke Napep daga Kpakungu da yarinya 'yar shekara 17, cikin fari. Tun la'asar take naƙuda a gida. Wani mai kemis ya yi mata allurar naƙuda har sau biyu. Mai kemis! Wa ya aike shi? Ko katin awo ba ta da shi.

Hawanta gado ke da wuya ta haihu. Namiji, shiru, jiki a sake. Ga ambu, jakar hura wa jariri iska, can a rataye, taku huɗu tsakaninmu, amma in na ɗaga hannu jini zai tafi da waccan. Na ce wa mai shara, "Iya, goge masa baya da zani, da ƙarfi!" Kafin jinin ya tsaya an ci minti shida. Na yi ta ba shi iska har minti 20. Bai dawo ba.

Surukar yarinyar ta ce, "Sista, kwanansa ne ya ƙare." Na yi imani da ƙaddara, Hajiya. Amma jaririn da bai yi kuka ba, mintin farko shi ne nasa, kuma a mintin nan babu hannun da zai ɗauke shi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin jarirai 1,000 a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Tun 2009 aka kawo shirin tura ungozomomi karkara, ga makarantar ungozoma a Minna tana yaye ɗalibai, amma aikin dare mutum ɗaya.

Kowace haihuwa mutum biyu take so: ɗaya na uwa, ɗaya na ɗa. Gwamnati ta ɗauki ma'aikata, ta riƙe su.

Ku kuma jama'a, ku daina allurar kemis. Ku zo awo. Naƙuda na farawa ku taho, magidanta a tanadi abin hawa tun da rana. Allurar nan ta kemis, don girman Allah ku bar ta.