Basenji, Kare Marar Haushi

Idan baƙo ya doshi gidan da ake kiwon kare, tun bai yi sallama ba karen zai sanar da mutanen gida. Saboda haka kowa ya ɗauka haushi shi ne maganar kare, kamar yadda cara take maganar zakara, haniniya kuma ta doki. Amma akwai wani irin kare a nahiyarmu ta Afirka wanda ba ya haushi, sunansa basenji. Yau za mu karanta labarinsa, mu ga inda ya fito, da irin halinsa, da abin da ya wajaba a kan wanda ya ɗauki nauyin kiwonsa.

Asalinsa

Asalin basenji daga tsakiyar Afirka ne, cikin kurmin da ke kewaye da Kogin Kwango, har zuwa ƙasar mutanen Azande, wajen iyakar Kwango da Sudan ta Kudu. Sunan nan kuwa daga harshen Lingala aka samo shi, ɗaya daga cikin manyan harsunan Kwango. Ma'anarsa ita ce karen mutanen ƙauye.

Kurmin nan yana da duhu ƙwarai, gama itatuwa sun haɗa kai a sama, hasken rana ba ya isa ƙasa sai kaɗan. Mafarautan wurin sukan saƙa raga mai tsawo, kowane magidanci da tasa. Ranar farauta sai su haɗa ragoginsu, su kafa su tsakanin itatuwa kamar danga. Sa'an nan a saki karnuka su kutsa cikin sarƙaƙiya, su koro gada da sauran ƙananan namun daji, su yi ta bin su har su faɗa cikin raga.

To, da yake karen ba ya haushi, yaya ubangidansa zai san inda yake? Sai mafarauta suka yi dabara. Suka sassaƙa 'yar ƙararrawa ta itace, suna ɗaura masa a wuya ko a kwankwaso. Duk inda ya nufa tana ƙwal-ƙwal, su kuwa suna biye da ƙarar.

Ku lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne mabuɗin darasinmu. Idan kare ya shige cikin duhuwa, ba ya ganin ubangidansa, ba kuma mai ce masa ya bi dama ko hagu. Tilas ya yi wa kansa shawara. Haka kakanninsa suka yi ta yi shekara da shekaru, har yin gaban kai ya zama masa jiki. Duk halayen da za mu gani nan gaba daga wannan aiki suka samo tushe.

Kamanninsa da muryarsa

Basenji ba babban kare ba ne. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa inci 16 ne ko 17, watau wajen santimita 40 zuwa 43, nauyinsa kuwa kilo 10 ko 11. Gashinsa gajere ne mai sheƙi. Akwai ja, akwai baƙi, akwai mai launi uku, akwai kuma mai ratsi-ratsi, amma dukansu ƙafafunsu da ƙirjinsu da bakin wutsiyarsu farare ne. Kunnuwansa a tsaye suke, wutsiyarsa a naɗe bisa gadon baya kamar gammo. Goshinsa kuma a yamutse yake, sai ka ce tsohon da ke tunanin wata babbar magana.

Kada ku zaci bebe ne. Yana gurnani idan ya fusata, yana kuka idan ya ji ciwo. Idan ya yi murna kuwa, kamar sa'ad da ubangidansa ya komo daga tafiya, sai ya ɗaga kai ya saki wata murya mai hawa da sauka, mai kama da guɗa. Masana sun ce ƙirar maƙogwaronsa ce ta bambanta da ta sauran karnuka.

Yana da tsabta irin ta kyanwa. Yakan zauna ya lashe jikinsa, ya goge fuskarsa da ƙafar gaba, kuma ba shi da warin nan da aka san karnuka da shi. Ba ya son ruwan sama, ba ya son sanyi. Da an soma yayyafi sai ya nemi mafaka, da hantsi kuwa sai ya nemi inda rana ta sauka ya miƙe. Har ila yau, macen basenji sau ɗaya take neman barbara a shekara, alhali yawancin karnukan gida sau biyu suke yi.

Yadda ya shiga ƙasashen waje

Da Turawa suka ga wannan kare, sai suka so su kai shi ƙasarsu, amma abin bai zo musu da sauƙi ba. Waɗanda aka fara kaiwa Ingila cuta ta kashe su. A shekarar 1923 aka ɗauko guda shida daga Sudan, aka killace su, aka yi musu allurar wata cutar karnuka, duka shidan suka mutu. Sai bayan 1930 aka dace da waɗanda suka rayu har suka hayayyafa. Daga nan aka kai su Amurka, inda babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta karɓe su cikin rajistarta a 1943. A zamanin nan akwai mutane a ƙasashe da yawa da ke zaune da basenji a cikin gidajensu.

Zama da shi a gida

An raba basenji da kurmi, amma ba a raba shi da halinsa ba, gama hali zanen dutse ne. Kare ne da aka saba da shi da gudu tun safe. Idan aka kulle shi a ɗaki, aka bar shi shi kaɗai wuni guda, sai ya nema wa kansa aiki. Ya tauna takalmi, ya yayyaga tabarma, ya kekketa littafin ɗan makaranta. Mai gida ya komo ya ce karen mugu ne, alhali kuwa zaman banza ne ya dame shi. Maganin wannan shi ne a fita da shi yawo safe da yamma, a bar shi ya yi gudu a wurin da aka kewaye, a kuma ba shi abin taunawa nasa na kansa, kamar igiya mai kauri ko ƙwallon roba mai tauri. Karen da ya gaji da wasa barci yake yi.

Gwanin tsere ne kuma. Idan aka kewaye gida da waya mai ƙofofi, sai ya sa ƙafafunsa a ciki ya hau ta kamar tsani. Wanda zai kiwata shi sai ya yi katanga mai tsawo, marar wurin kamawa, ya kuma koya wa yara su rufe ƙofa duk sa'ad da suka shiga ko suka fita.

A bakin hanya kuwa ba a sakinsa, sai da igiya a wuyansa. Da ya hangi kaza ko kyanwa ta gilma, jinin farauta zai motsa, ya bi ta a guje, ko kiransa ake ba ya waiwaye. Ta haka yakan faɗa gaban mota, ko ya kashe kazar maƙwabci ya jawo wa ubangidansa rigima da biyan diyya.

Wanda yake neman karen da zai tashe shi da dare idan ɓarawo ya hauro, to, basenji ba nasa ba ne. Yana da kunne da hanci, yakan ji motsi tun kafin kowa ya ji, amma ba zai tara wa ɓarawo jama'a ba.

Horonsa

A shekarar 1994 wani malamin jami'a a ƙasar Kanada, mai suna Stanley Coren, ya wallafa littafi inda ya jera karnuka bisa ga saurin bin umurni. Cikin matakai 79, basenji ya zo na 78. Mai karanta wannan zai ce lalle daƙiƙi ne. Amma karen da ya iya buɗe ƙofa, ya iya hawan shinge, ya iya gano inda aka ɓoye nama, ai ba daƙiƙi ba ne. Yana gane abin da ake nufi sarai, sai dai yakan tsaya ya auna ko akwai riba a ciki.

Saboda haka horonsa sai da haƙuri da dabara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tun yana kwikwiyo ɗan wata biyu ake farawa. A zaɓi kalmomi kaɗan, kamar "zo" da "zauna" da "bari", kowa a gida ya riƙa faɗinsu iri ɗaya. Duk sa'ad da ya yi daidai, nan take a ba shi 'yar tsokar nama, a yabe shi da murya mai daɗi. Kada darasi ya wuce minti biyar, gama yana saurin ƙosawa. Gara a yi kaɗan-kaɗan sau uku a rana da a yi mai tsawo sau ɗaya. Da ya tashi daga barci, ko ya gama cin abinci, a kai shi wurin da aka keɓe masa don bayan gida, har ya saba. A kuma nuna masa mutane da awaki da kaji tun yana ƙarami, domin kada ya girma yana tsoronsu ko yana kai musu hari.

Duka ba ya gyara shi. Ga misali. Kare ya tsere, yaro ya yi ta kira, daga baya karen ya komo, yaro ya ɗauki sanda ya zabga masa. Me kare ya koya? Ya koyi cewa wanda ya amsa kira duka yake sha. Gobe ko an kira shi ba zai zo ba. Idan ya komo, ko da ya ɓata maka rai, ka karɓe shi da fara'a.

Tun da yake ba ya haushi, sai mai shi ya koyi sauraronsa da ido. Idan ya kwantar da kunnuwa, wutsiyarsa ta warware ta sauka, to, ko tsoro yake ji ko ba shi da lafiya. Idan gashin bayansa ya tashi, yana gurnani, a ja da baya. Yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su ja masa wutsiya. Baƙo kuwa kada ya kai masa hannu, ya bari karen ya matso da kansa ya sansane shi.

Lafiyarsa

Basenji da ya sami kulawa yakan kai shekara 13 ko 14. Yana bukatar abinci mai kyau a kan kari, da ruwa mai tsabta a cikin kaskonsa na kansa. Ba a ba shi albasa ko cakulan, gama guba ne ga kare. Ba a ba shi dafaffen ƙashin kaza, domin yakan tsage ya soke shi a ciki. A riƙa duba jikinsa saboda kaska da ƙuma, a ba shi maganin tsutsar ciki, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Akwai wata cutar ƙoda da basenji ke gado, ana kiranta Fankoni. Aikin ƙoda shi ne ta tace jini, ta fitar da datti, ta mayar wa jiki abin da ke da amfani. Idan wannan cuta ta kama kare, sai sukari da gishirin jiki su riƙa zubewa cikin fitsari. Yawanci takan bayyana tsakanin shekara 4 da 8. Alamunta su ne yawan shan ruwa, da yawan fitsari, da rama. Karen ba zai yi ƙara ba, sai mai lura ne zai ga kasko yana ƙarewa da wuri, ya kai shi wurin likitan dabbobi. Idan aka gano ta da wuri, akan ba shi magani ya daɗe a raye. A 2007 masana a Amurka suka fito da gwajin da ke nuna karen da ke ɗauke da ita, suka inganta shi a 2011. Sai kwikwiyo ya gaje ta daga uwa da uba duka biyu take kama shi, saboda haka masu kiwo na kirki sukan gwada iyaye kafin su haɗa su.

Mafi girma duka ita ce allurar riga-kafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi wa kwikwiyo yana ɗan wata uku, a kuma riƙa sabunta ta yadda likita ya ce. Wannan ciwo yana kashe kare, yana kashe mutum. Idan kare ya ciji ɗayanku, kowane irin kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar. Kada a ɓoye wa iyaye don tsoron faɗa. Riga-kafi ya fi magani.

Kun ga dai kiwon basenji ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ya ɗauke shi ya ɗauki yawo safe da yamma, da gyaran katanga, da kuɗin likita, har shekara goma sha. Ya kamata mutum ya auna wannan tun bai kawo kwikwiyo gida ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma abin yake ga kowace dabba da ke hannunku, ko akuya ce, ko jaki, ko tantabara. Ku san halinta, ku lura da ita, ku ba ta haƙƙinta, domin ba ta da bakin da za ta kai ƙara.

Tambayoyi

1. Daga ina basenji ya fito, kuma mene ne ma'anar sunansa?
2. Don me mafarauta suke ɗaura masa ƙararrawa?
3. Me ya sa basenji yake son yin gaban kansa?
4. Yaro ya kira karensa, da ya zo sai ya doke shi. Me karen zai koya?
5. Faɗi alamu uku na cutar Fankoni.
6. Me za ka yi idan kare ya ciji ƙanenka?
7. Rubuta layi goma a kan wata dabba da ake kiwo a gidanku, ka faɗi halinta da yadda kuke kula da ita.