WA KE RIƘE DA LINZAMINKA?

Darasi a kan ceto, da ƙaddara, da nufin mutum. Kafin ka soma, ka karanta Markus 5:1-20.

Ya mai karatu, akwai wata amsa da mai shelar Bishara yakan samu a ƙasar Kurfai fiye da kowace. Akan ji ta a kasuwar Filinge, da bakin rijiya, da wurin zaman makoki. Mutum yakan saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Malam, maganarka da daɗi. Amma in Allah ya rubuta zan tsira, zan tsira. In kuwa bai rubuta ba, ni wane ne? Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Watakila kai ma ka taɓa faɗar haka. Har a cikin ikkilisiya akwai waɗanda wannan tunani ya kashe musu jiki, sun bar addu'a, suna zaune cikin zunubin da suka sani, suna cewa ƙaddara ce. Maganar tana da nauyi, gama ta shafi ranka, ta kuma shafi sunan Allah. Bari mu soma da wani abin da ya faru a ƙasarmu.

ABIN DA YA FARU A SHIKAL

A shekara ta 1925, zamanin mulkin Faransawa, waɗansu iskokin da ba a san su a bori ba suka soma hawan wata mace mai suna Shibo a garin Shikal, kusa da Filinge. Aka kira su Babule, waɗansu kuma suka ce Hauka. Samari da 'yan mata suka bi ta. In iskan ya hau mutum, sai ya yi tafiya irin ta soja, ya yi tsawa kamar kwamanda, ya kama wuta, kumfa tana zuba daga bakinsa. A lokacin talakawa sun gaji da haraji da aikin tilas, sun kuma gaji da mulkin Gado Namalaya, sarkin da Nasara suka tsaya wa. Mabiyan Shibo suka ƙi yi masa biyayya. Kwamandan Yamai ya sa aka kama su aka kulle. Abin bai mutu ba. Daga baya ma aka sami wani iska a cikinsu da ake kira Kwamandan Mugu, 'yan ci-rani kuma suka kai Babule har Akra ta ƙasar Gana.

Ba mu kawo wannan labari don mu yi wa kakanninmu ba'a ba. Wahalar da suka sha gaskiya ce, zalunci kuwa Allah yana ƙinsa. Amma ka lura da abu ɗaya. Wanda iska yake hawa, doki ake ce masa, mace kuma goɗiya. Muddin iskan yana bisa, bakin na dokin ne amma maganar ta wani ce. In ya sauka, dokin yakan ce bai san abin da ya faɗa ba, ba wanda zai kama shi da laifinsa. Mutanen da suka gudu daga tilas ɗin Nasara sun ba da jikinsu ga wani tilas, har mahayin ya zo musu da kamannin kwamandan da ya kulle su.

To, ga tambayar darasinmu. Da yawa suna tsammani haka Allah yake yi da ɗan Adam: ya hau wannan ya kai shi Aljanna, ya saki wancan ya faɗa wuta, doki kuwa ba ruwansa. Ashe haka Allah yake?

TSOHUWAR GARDAMA CE

Masu bi sun daɗe suna gardama a kan wannan. (Malaman Musulunci ma sun yi tasu, tsakanin Ƙadariyya da Jabariyya.) Wajen shekara ta 400 wani malami mai suna Filajiyus, mutumin tsibirin Birtaniya, yana koyarwa a birnin Roma. Ya ga Kirista da yawa suna zaman sakaci suna fakewa da raunin jiki, abin ya ba shi haushi. Ya ce tun da Allah ya ba da doka, lalle mutum yana da ƙarfin kiyaye ta da kansa. Wanda ya tashi ya amsa masa ɗan Afirka ne, Agustin, shugaban ikkilisiyar Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya yake yanzu. Agustin ya san zuciyarsa, gama ya yi shekaru yana so ya bar sha'awar jiki yana kāsawa. Ya ce nufin mutum yana nan, amma ya kamu da ciwo, sai alherin Allah ya warkar da shi. A shekara ta 418 shugabannin ikkilisiya suka taru a Kartaj, cikin Tunisiya ta yanzu, suka ƙi koyarwar Filajiyus.

Gardamar ta sāke tashi a Turai. A 1524 wani masani mai suna Irasmus ya rubuta littafi yana kāre 'yancin nufin mutum. A 1525, shekara 400 daidai kafin abin Shikal, Martin Luta ya mayar masa da martani. A cikin amsarsa ya kwatanta nufin mutum da dabbar hawa, wadda ko dai Allah ya hau ta ko Shaiɗan, ba ita take zaɓen mahayinta ba.

Luta babban bawan Allah ne, rabin misalinsa kuma gaskiya ne tsantsa. Yesu da kansa ya koyar a Yahaya 8:34 cewa mai aikata zunubi ya zama bawansa. Manzo Bulus ya ba da shaida a Romawa 7:15-24 cewa nagartar da yake so takan kuɓuce masa, muguntar da yake ƙi kuwa ita yakan iske kansa a ciki. Ka gwada da kanka. Sau nawa ka yi rantsuwa ka bar caca, ko giya, ko zina, ko ƙiyayyar ɗan ubanka a kan gādon gona? Kwana nawa rantsuwar ta yi? Kana da ikon zaɓen kasuwar da za ka ci da irin geron da za ka shuka. Ikon sāke zuciyarka ne ba ka da shi. Don haka ceto ba ya samuwa ta wurin ƙoƙari ko tara lada. Kyauta ce daga Allah, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta nuna, Yesu Almasihu ne ya biya ta da jininsa a kan gicciye.

Amma ɗaya rabin misalin, a ganina, bai kamata a kawo shi ƙasar Kurfai ba sai da bayani. Mu mun san hawa. Mun ga yadda ake yi da doki. In muka ce Allah ma hawa yake yi, mai sauraro zai ɗauka Ruhu Mai Tsarki wani babban iska ne kawai wanda ya fi sauran ƙarfi. Littafi Mai Tsarki kuwa ya nuna mana wani abu dabam.

MUTUMIN DA YAKE ZAUNE A MAKABARTA

Koma ga Markus 5. Ga mutum wanda aljannu masu yawa suka hau. Ya bar gida, yana kwana a makabarta. An ɗaure shi da sarƙa da mari, ya tsintsinke su. Dare da rana yana ihu, yana yanka jikinsa da duwatsu. Da aka tambayi sunansa, mahayan ne suka amsa. Wannan shi ne doki na ainihi. Ya fi kowa ƙarfi a garin, ya kuma fi kowa zama bawa.

Shin shi ya ceci kansa? A'a. Yesu ne ya haye teku ya zo inda yake, Yesu ne ya yi umarni aljannun suka fita. Aikin duka na Ubangiji ne. A nan Agustin da Luta sun yi daidai.

Yanzu dubi aya ta 15, ka yi ta dubanta. Mutanen gari suka iske shi zaune, da tufafi a jikinsa, hankalinsa ya komo. Ba ya birgima, ba kumfa a bakinsa, ba wata baƙuwar murya. Yesu bai kori mahayan don ya maye gurbinsu a kan sirdi ba. Ya mayar wa mutumin da kansa. Nan da nan kuwa mutumin ya yi abin da bai iya yi ba a dā: ya so wani abu, ya roƙa da bakinsa, ya ce a bar shi ya bi Yesu. Yesu ya aike shi gida ya ba da labari, ya kuwa tafi da ƙafafunsa, yana sane da kowace kalma da yake faɗa.

Akwai wani abu kuma a labarin wanda ya kamata ya ba ka tsoro. Mutanen garin suka roƙi Yesu ya bar ƙasarsu. Shi wanda rundunar aljannu ta yi rawar jiki a gabansa, bai tilasta musu ba. Ya shiga jirgi ya tafi.

Haka aikin Ruhu Mai Tsarki yake ko'ina cikin Sabon Alkawari. A Galatiyawa 5:22-23 an lasafta kamunkai cikin 'ya'yan da Ruhu yake haifarwa. A 1 Korantiyawa 14:29-33 Bulus ya ce mai annabci yana iya yin shiru ya ba ɗan'uwansa wuri, wato hankalinsa bai gushe ba. A Ayyukan Manzanni 16:14 Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya, amma ita ce ta kasa kunne, ita ce kuma ta gayyaci manzanni gidanta. Iska yakan kawar da nufin mutum ya yi aiki da jikinsa. Allah yakan rayar da nufin da ya mutu, har mutum ya so abin da yake ƙi a dā.

WANE IRIN ALLAH NE?

Wani zai ce, "Na ji. Amma in ya riga ya rubuta mini hallaka fa?" Ɗan'uwa, kada ka ɗora wa Allah abin da ya barrantar da kansa daga gare shi. A Ezekiyel 33:11 ya rantse da ransa cewa mutuwar mugu ba ta faranta masa rai, juyowarsa yake so. Yakubu 1:13-14 ta hana mutum ya ce Allah ne ya jarabce shi da mugunta, ta nuna sha'awar mutum ce take jansa. A Matiyu 23:37 Yesu ya yi makoki a kan Urushalima, ya ce sau da yawa ya so ya tattara mutanenta, su ne suka ƙi. Ko shugabannin da suka taru a Oranj ta ƙasar Faransa a 529, waɗanda suka bi Agustin a kan alheri, sun la'anci koyarwar da take cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Ba za mu ɓoye maka ba, akwai wurare masu wuya. Romawa 9 da Afisawa 1 suna magana a fili a kan zaɓen Allah tun kafin a kafa duniya. Mabiyan Kalbin suna cewa Allah ya zaɓi nasa bisa ga nufinsa kaɗai, kiransa kuma ba ya faɗuwa. Mabiyan Arminiyus suna cewa alheri yana zuwa ga kowa, amma mutum yana iya ƙinsa. An yi babban taro a kan wannan a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, gardamar ba ta ƙare ba har yau. Masu wa'azi biyu na Ingila, Wesli da Witfil, sun saɓa ƙwarai a kanta wajen 1740. Duk da haka dukansu biyu sun yi ta kiran masu zunubi su tuba, da Witfil ya rasu a 1770 kuwa Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi. Ba ɗayansu da ya taɓa ce wa mai neman ceto ya koma gida ya jira ya ga ko an rubuta sunansa. Yadda zaɓen Allah da amsar mutum suke haɗuwa, wannan ya fi ƙarfin kanmu. Bulus ma da ya kai ƙarshen maganar a Romawa 11:33-36, sujada ya yi.

BINNE

Kai manomi ne, ko ɗan manomi. Ka san ruwan sama na Allah ne, ba mai saukar da ɗigo ɗaya da dabararsa. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun san abin da ake nufi in sama ta ƙi. Duk da haka, in bazara ta yi nisa, kakan ɗauki sungumi ka tafi gona ka yi binne cikin busasshen rairayi. Ban taɓa jin wanda ya ce, "In an rubuta zan ci gero, zai tsiro," sa'an nan ya bar iri a rumbu ba. Mutum yakan tuna da ƙaddara ne kawai in maganar tuba ta taso. Ka tambayi zuciyarka dalili.

A Ayyukan Manzanni 27 hadiri ya kama jirgin da ya ɗauko Bulus, da mutum 276 a ciki. Allah ya riga ya faɗa wa Bulus ba wanda zai mutu. Amma da matuƙan suka so su gudu da ƙaramin jirgi, Bulus ya gaya wa sojoji in waɗannan ba su tsaya ba, ba za a tsira ba. Ya kuma roƙi kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Da jirgin ya farfashe, masu iyo suka yi iyo, sauran suka kama katakai, dukansu suka kai gaci. Allah ya ƙaddara tsirarsu, ya kuma ƙaddara hanyar da za ta zo.

Hanyar da ya sa domin cetonka ita ce ka ji Bishara, ka tuba, ka gaskata da Yesu Almasihu wanda ya mutu domin zunubanka ya kuma tashi. Ba a nuna maka littafin da yake sama ba, amma an nuna maka Yahaya 6:37, inda Yesu ya yi alkawari ba zai kori mai zuwa gare shi ba. In yau ka ji nauyin zunubinka, kana kuma so a sauke maka shi, wannan so ɗin ba daga Shaiɗan ya fito ba, ba kuwa daga tsohuwar zuciyarka ba. Uban ne yake jawo ka, kamar yadda aya ta 44 ta bayyana. Ba zai amsa a madadinka ba. Ka sami wuri kai kaɗai, ka faɗa masa laifofinka da sunayensu, da harshen da kake magana da shi a gida, ka roƙe shi ya karɓe ka saboda Yesu.

Kafin darasi na gaba, wanda yake a kan tuba, ka karanta Yahaya 6:35-47 da Filibiyawa 2:12-13. Ka ja layi ƙarƙashin abin da Allah yake yi, ka sa alama dabam a kan abin da aka ce kai ka yi. In wani wuri ya shige maka duhu, ka tambayi wanda ya ba ka wannan takarda.