In Inji Ya Fara Huci

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini ka samu aikin tuƙi a wani gida a Koira Kano. Allah ya sanya albarka. Sunan unguwar Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi, kuma ina roƙon Allah ya sa zamanka a can ya dace da sunan. Ta kuma ce yau kwana uku motar maigidanka tana huci kamar kububuwa, kai kuwa ka yi shiru, kana tsoron kada a ce sabon direba ne ya ɓata ta. Wannan shirun ne ya hana ni barci.

Kashe rediyo da kilim, ka saurara. Yaushe take hucin? Wanda ya san amsar wannan ya gama rabin gyara.

In mota na tsaye a ralanti kana jin siririn huci marar yankewa, injin yana karkarwa, yana tashi yana sauka, wani lokaci har ya mutu a danja, to galibi iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Yawancin motocinmu sun ci ƙuruciyarsu a Turai kafin a sauke su a Kwatano ko Lome, sannan su zo su gamu da zafin Yamai, inda a Afrilu da Mayu ake wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kapo. Ƙananan tiyo na roba sukan bushe su tsage, inji ya zuƙi iskar da ba a auna masa ba, lissafin mai da iska ya rikice. Ka samu guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kana bin robobin da shi har ka iske inda ƙarar ta fi ƙarfi. Ka yayyafa ruwa kaɗan a wurin. In muryar injin ta sauya, nan ne. Amma ka naɗe hannun riga, ka nisanci bel da fanka, don fanka mai lantarki takan tashi da kanta ko an kashe mota. Wasu yaran garaji suna fesa esansi don gano ɓular. Kada ka yarda, wuta ba ta sallama.

In kuwa sai ka taka birki hucin ke fitowa daga wajen ƙafarka, birkin kuma ya yi tauri, to abin da ke ƙara wa birki ƙarfi ne ke yoyon iska. Kada ka ɗauki yara zuwa makaranta da ita a haka.

Wanda na fi ji maka tsoro shi ne hucin da ke zuwa da tururi, da wani wari mai zaƙi-zaƙi, allurar zafi tana hawa. Ruwan radiyater ne ke fita, ko ta babban tiyo, ko ta marfin da robarsa ta mutu. Marfin nan ba murfin tulu ba ne. Shi ke matse ruwan da ƙarfin kusan bar 1, don kada ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da ka murɗe shi da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya, ya yi tsalle zuwa fuskarka. Da idona na ga haka a hanyar Dosso ina matashi: yaron mota ne, bai kai shekarunka ba, ya sa tsumma ya buɗe don fasinja suna gaggawa. Fatar hannunsa da wuyansa ta saɓule. Har yau in na ji wannan warin sai na tuna kukansa. Ka tsaya a gefe, ka kashe inji, ka jira aƙalla rabin awa, har ka iya riƙe tiyon sama da hannu. Ko wa ke cikin motar, ya jira. In ka ce sai ka lallaɓa ka kai gida, kan inji ne zai ƙone, gyaran tiyo ɗaya ya koma sauke inji. Bayan gyara kuma a zuba ruwan radiyater na gaskiya, don ruwan famfo zalla tsatsa yake haifarwa.

Akwai kuma "cuu" irin na ɗigon ruwa a kaskon tuya, tare da ƙauri: baƙin mai ne ke ɗiga kan bututun hayaƙi. Ɗan hucin da kilim ke yi jim kaɗan bayan an kashe mota kuwa ba ciwo ba ne, iskarsa ce ke daidaita.

Gobe da safe, kafin ka tada ta, ka duba ƙasa ko akwai ɗigo, ka duba ruwa da baƙin mai tana sanyi. Sannan ka je ka gaida maigida, ka ce: "Ranka ya daɗe, motar tana huci, a lokaci kaza, daga wuri kaza." Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma ban taɓa ganin maigidan da ya kori direba don ya ji ciwon mota da wuri ba. In kun je garaji, ka maimaita wa makanike daidai abin da ka ji, ka tsaya a kansa har ya gama, ka karɓi tsohon tiyon da ya cire ka kawo wa maigida ya ga tsagar da idonsa. Ran Juma'a bayan masallaci ka biyo ta gida ka ba ni labari.