Gansakuka Da Jar Ƙasa

Ran nan muna koyon aikin koyarwa a wata makaranta a Nassarawo, sai wani yaro ya ce mini, "Malam, me ya sa ƙasar hanyarmu take ja?" Na ce masa tsatsa ce. Ya ce, "To, wa ya zuba mata tsatsar?" Nan fa na yi shiru, 'yan aji suka yi ta dariya. Ga amsar da ya kamata in ba shi, ko ta fid da waninku daga irin wannan kunya.

Masana sun ce duniya ta yi shekara wajen miliyan 4,500. Da fari iskarta ba ta da oksijin, watau abin nan da muke shaƙa mu rayu, wanda wuta ba ta ci sai da shi. Ƙarfe kuwa a narke yake cikin ruwan teku kamar gishiri, gama ba abin da zai sa shi tsatsa.

Masu rai na farko a ruwa suke, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Daga baya waɗansunsu suka soma yin abinci da hasken rana, suna zub da oksijin kamar yadda mai sussuka ke zub da ƙaiƙayi. Danginsu suna nan har yau cikin gansakukar da kan rufe ruwan da ya kwanta, irin wadda muke gani a gefen tafkin Geriyo. Mukan raina ta, mu ce ƙazanta ce. Kaito!

Amma oksijin bai taru a sama nan da nan ba. Ƙarfen teku ya dinga kama shi, yana zama tsatsa, yana nutsewa, ya kwanta hawa-hawa har ya zama dutse. Shi ne ake haƙa yau a Ostareliya da Afirka ta Kudu, a narka, a yi ƙarfe. Sai wajen shekara miliyan 2,400 da suka wuce oksijin ya fara zama cikin iska, sa'an nan ƙarfen da ke kan tudu shi ma ya soma yin ja. Marmararmu ta Adamawa ƙaramar yarinya ce in an gwada ta da waɗancan duwatsu, amma aikin ɗaya ne.

To, sai iskar ta juyo kan masu rai. Ga da yawa cikin na farkon oksijin dafi ne, dole suka ɓuya inda ba ya kaiwa. In ka tona baƙar laka a bakin Binuwai ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, aikin jikokinsu ne. Can sama kuma oksijin ya yi wata rumfa da ake kira ozon, mai tare mugun hasken rana, har masu rai suka iya fitowa tudu. Yanzu kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne.

Kada ka tsaya ga faɗi kawai. Sa yara su ɗebo gansakuka cikin farar kwalba biyu, su cika da ruwa, ɗaya a rana, ɗaya cikin akwati. Bayan tara su duba wadda ta yi 'yan kumfa. Ni na aika wa yaron nan da kwalba biyu ta hannun malaminsu.