Kimiyyar Taya: Zaɓen Tayar da Ta Dace da Tsohuwar Ƙaramar Mota

Gabatarwa

Kome girman mota da ƙarfin injinta, babu abin da ke haɗa ta da ƙasa illa wurare huɗu da tayoyi ke taɓa kwalta, kuma kowane ɗaya bai fi faɗin tafin hannun babban mutum ba. Ta nan ƙarfin inji ke isa ga hanya, ta nan birki ke kamawa, ta nan kuma sitiyari ke juya mota. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai yadda lissafi da kimiyyar da suke koya a aji ke taimakawa wajen zaɓa wa tsohuwar mota tayar da ta dace da ita, musamman wadda ake hawa kullum. Za mu ɗauki misalin Volkswagen Beetle, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1938, aka kuma dakatar da ita a garin Puebla na ƙasar Meziko a 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Daga 1975 an riƙa harhaɗa ta a Legas, saboda haka ba baƙuwa ba ce a titunanmu.

Yadda aka gina taya

Taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai saƙar zaruruwa masu ƙarfi waɗanda ke riƙe da iska, kuma iskar ce ke ɗaukar nauyin mota. A 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka dafa danƙon roba da farar wuta, sai ya daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya yi tayar keke mai iska a birnin Belfas.

Tayoyin mota iri biyu ne ta fuskar saƙa. Na farko shi ne mai saƙar gicciye, inda ake shimfiɗa zaruruwa a karkace, wannan shimfiɗa ta gitta wancan. Da irin wannan tsofaffin Beetle suka fito, mai lamba 5.60-15. Na biyu shi ne rediyal, wanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. A nan zaruruwan sukan miƙe sak daga wannan baki zuwa wancan, sannan a kewaye su da ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zanen taya. Saboda haka gefen rediyal yana lanƙwasuwa ba tare da ya murɗe fuskar da ke taka ƙasa ba. Wannan ya sa ba ta saurin ɗaukar zafi, ta fi daɗewa, ta fi kama hanya idan an yi ruwa, kuma mota ba ta shan mai sosai da ita. Ga motar da ke zirga-zirga kullum, rediyal ce ta fi dacewa. Mai saƙar gicciye ta fi amfani ga masu ajiye mota don tarihi.

Sai dai akwai kashedi. Kada a haɗa irin biyun a gaba ɗaya ko a baya ɗaya, domin kowace da yadda take lanƙwasuwa a kwana. Mafi muni shi ne a sa rediyal a gaba, mai gicciye a baya, don kuwa gaba zai kama hanya, baya ya zame. Abin da ya fi shi ne duka huɗun su zama iri ɗaya.

Karanta lambobin jikin taya

Mu ɗauki taya mai rubutu 155/80 R15 82T. Lamba 155 faɗin taya ne da milimita. Lamba 80 na nufin tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari ne na faɗin. Harafin R yana nufin rediyal, 15 kuwa faɗin da'irar wilin da za a sa ta ne da inci. Lamba 82 alama ce ta nauyin da za ta iya ɗauka, wato kilo 475, harafin T kuma iyakar gudu ne, kilomita 190 a awa. Harafin S na nufin 180, H kuma 210.

Daga nan ana iya lissafa tsayin taya gaba ɗaya. Kashi 80 cikin ɗari na 155 shi ne milimita 124. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, sun zama 248. Inci 15 daidai yake da milimita 381. Jimla ita ce milimita 629.

Me ya sa ba a son mai faɗi?

Samari da yawa sukan so sa wa tsohuwar mota taya mai faɗi don ado, kamar 195/50 R15. Bari mu auna ta da wancan lissafi. Rabin 195 shi ne 97.5, sau biyu 195, a tara da 381, an sami milimita 576. Ke nan ta gaza wancan da milimita 53. Da yake malejin Beetle daga tayar gaba ta hagu yake ƙirga juyi, idan ya nuna kilomita 100 a awa, ainihin gudun motar bai wuce 92 ba. Inji zai ƙara juyi kafin ya ci tafiyar da ya saba, cikin motar kuma ya matso ƙasa da fiye da santimita biyu da rabi, abin da ba a so a hanya mai ramuka.

Akwai wasu illolin. Wilin Beetle na asali faɗinsa inci 4 ne ko 4 da rabi, alhali taya mai faɗin 195 tana bukatar aƙalla inci 5 da rabi. Motar ba ta da na'urar da ke sauƙaƙa juya sitiyari, don haka zai yi nauyi a hannu. Gajeren gefe kuma ba ya shanye gargada, sai duk wani rami ya wuce kai tsaye zuwa tsofaffin ƙarafan ƙafar mota. Wurin ajiye safaya ma, wanda ke ƙarƙashin murfin gaba, an auna shi ne da siririyar taya. Saboda haka 155 R15 ko 165 R15 su ne masu wannan mota suka fi dogara da su.

Iskar taya da rabon nauyi

Injin Beetle a baya yake, don haka wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinta yana kan tayoyin baya. Wannan ne ya sa kamfanin ya ba da shawarar, ga rediyal, a sa iska PSI 18 a gaba, 27 a baya. Wato kimanin kilo 1.3 da kilo 1.9 ke nan a kan kowane murabba'in santimita.

Ɗalibin kimiyya ya san cewa idan aka raba nauyi da matsi, za a sami faɗin wuri. A ce nauyin motar kilo 800 ne. Kowace tayar baya tana ɗauke da kilo 240, ta gaba kuma 160. A raba 240 da 1.9, za a sami kimanin murabba'in santimita 126. A raba 160 da 1.3, za a sami 123. Ashe bambancin iskar an yi shi ne domin gaba da baya su taka ƙasa daidai wa daida. Idan mai faci ya cika duka huɗun da PSI 30, kamar yadda ya saba yi wa motocin zamani, lissafin tayar gaba zai sauko zuwa wajen 76. Ƙiyasi ne wannan, domin taurin jikin taya ma yana da nasa tasiri, amma ya isa ya nuna dalilin da gaban motar ke tsalle, birki ya ƙi kamawa sosai, tsakiyar taya kuma ya suɗe da wuri.

Ƙarancin iska ya fi haɗari. Gefen taya zai yi ta lanƙwasuwa fiye da kima, zafi ya taru, har roba ta rabu da wayoyi, tayar ta fashe ana cikin gudu. Iska tana ƙara matsi idan ta ɗumama, kimanin PSI 1 a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Salshiyas. Don haka da safe ake auna taya kafin a fita, kuma ba a rage wa taya mai zafi iska.

Shekarun taya

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Iskar oksijin da ozon da hasken rana suna busar da ita har ta tsattsage, zafi irin na bazararmu kuma yana hanzarta abin. A ƙarshen lambobin da suka fara da haruffan DOT akwai alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan alƙaluman uku ne, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani duk shekara idan ta yi shekara biyar ana aiki da ita, a kuma sauya ta idan ta cika goma, ko da zanenta bai cinye ba.

Shi zanen, aikinsa korar ruwa ne daga ƙarƙashin taya. Idan zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6, ya zo daidai da 'yan tudun da aka dasa a cikin kwarin zanen don alama, to tayar ta gama aiki. Wanda ya sayi tayar gwanjo bai san ramukan da ta faɗa ba, bai kuma san shekarun da ta yi a rana ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Kammalawa

Injiniyoyin da suka tsara tsohuwar mota sun auna nauyinta da wilinta da sitiyarinta ne a kan wata taya takamaimiya. Mai hawa kullum ya nemi rediyal sabuwa mai tsayi da faɗi kusa da na asali, ya duba lambar nauyi da ta shekara, ya sa iri ɗaya a ƙafa huɗu, sannan ya bi ma'aunin iskar da ke cikin littafin motar.

Jinga

1. Lissafa tsayin taya mai lamba 165/80 R15, ka kwatanta da na 155/80 R15.
2. A wane mako da wace shekara aka yi taya mai lamba 0721?
3. Da izinin malami, ku duba tayoyin motoci uku a harabar makaranta, ku rubuta lambobinsu da shekarunsu, ku tattauna sakamakon a aji.