Filin Shawara: Zanen da Bature ya bar wa Baba

Anti, mahaifinmu, Allah Ya jiƙan sa, ya daɗe yana tuƙa manajan wata masaƙa a Bompai, wani Bature ɗan Ingila. Da masaƙar ta durƙushe Baturen zai koma gida, sai ya bar wa Baba zane uku a cikin firam, ya ce wata 'yar ƙasarsu ce ta zana su da hannu: marinar Ƙofar Mata, da hawan sallah, da wasu mata a kasuwar Kurmi. Tun rasuwar Baba suna bayan sif a ɗakin Hajiya. Yanzu wani dillali da yayana ya haɗu da shi a wurin aikinsa a Sharaɗa ya ce yana da mai saye a Landan, zai ba mu naira miliyan biyu nan take, amma ba ya son doguwar maganar takarda. Yaya ya matsu, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Mu tara ne, har da ƙanana a ɗakin amaryar Baba.
Daga 'yarki a Dakata.

'Yata, Allah Ya gafarta wa mahaifinku. Ki ce wa yayanki sauri ya haifi nawa.

Kafin a zo kan farashi, kyauta aka ba Baba ko ajiya? Kuma a gidan manajan zanen ke rataye ko a ofis? In a ofis ne, yana iya zama kayan kamfani, kuma kin san kamfanin da ya mutu da bashi kayansa na da masu jira. Ki zauna da Hajiya ta ba ki labari tiryan-tiryan, ki rubuta. Ki nemi kuku ko maigadin da suka yi aiki tare da Baba tun suna raye. Ki zazzage jakar takardunsa: katin aiki, takardar sallama, wata wasiƙa daga Baturen, ko tsohon hoton falo da zanen ke jikin bango. Abin da kike gani tarkace, shi ne hujjarku.

In ta tabbata kyauta ce, to ya zama gado. Yaya ba shi da hurumin sayarwa shi kaɗai, balle ga marayu ƙanana da iyaye mata biyu da ke da tumuninsu a ciki. A kira malamin da ya raba muku gado ko a je kotun shari'ar Musulunci, a naɗa wakili ɗaya a rubuce.

Dillalin nan kuwa bai kwanta mini ba. Zane a kasuwar Turai kamar fili ne a Kano, wanda ba shi da takarda rabin kuɗinsa ya tafi. Manyan gidajen gwanjo sai sun ji wa ya zana, wa ya fara mallaka, ta hannun wa da wa ya biyo. Mai cewa a bar takarda, ko dai ba ya so ku san darajar kayanku, ko ba ya so a san inda za su. Ki tuna Tutu, zanen da Ben Enwonwu ya yi a 1974. An neme shi shekara da shekaru, sai a 2017 aka gan shi rataye a wani gida a arewacin Landan. Masu gidan sun kira masani ya duba, kuma a watan Fabrairun 2018 gidan gwanjon Bonhams ya sayar da shi fam miliyan 1.2.

Amma kada ki fara kwana da mafarkin fam. Matan joji-joji da na manajoji da yawa sun zana Dala da ganuwa don ɗebe kewa kawai, irin wannan ba ya wani kuɗi a can. Wani ma bugun inji ne aka sa a gilashi. Sai dai ni a sanina, dillali ba ya ajiye miliyan biyu inda bai hango biyar ba.

Yau ɗin nan ki fito da su daga bayan sif, ki ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Kada a goge su da jiƙaƙƙen tsumma, kada a canza firam, kada a ɓamɓare 'yar takardar da ke manne a baya ko da ta yi ja ta fara marmashewa, don sau da yawa nan ne sunan shagon da ya haɗa firam ko shekara ke ɓoye. Ki ɗauki hoton gaba da baya da wurin sa hannun mai zanen, ki auna tsawo da faɗi. Ki tura wa Bonhams ko Sotheby's ko Arthouse da ke Legas su yi miki ƙiyasi. Ki kuma duba a manhajar ID-Art da 'yan sandan duniya suka fitar a 2021, kyauta ce, tana nuna zanen da aka kai rahoton sacewa.

In za a fitar da su waje, ku biya ta Gidan Makama. Hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa a 1979 ita ke tantancewa. Dokarta ta fi shafar kayan gargajiyarmu da aka ƙera kafin 1918, amma jami'in kwastan a filin jirgin Malam Aminu Kano ba zai tsaya muhawara da ku ba, takarda zai nema. Ranar ciniki a rubuta sunan mai saye da na wakilinku da farashi da kwanan wata, a manna hoton zanen, shaidu biyu su sa hannu, kuɗi kuma su bi ta banki. Duk wanda ya ce ku fara turo kuɗin jirgi, ku rufe waya.

Anti, ni lebura ne a wata majema a Challawa. Muna share tsohon sito na ga wani zane na Turawa a cikin kayan da za a ƙona. In na ɗauka akwai laifi?
Daga ɗanki a Panshekara.

Ɗana, abin da ke cikin katangar kamfani yana da mai shi ko da a bola yake. Ka nuna wa mai kula da sito, in sun bar maka su rubuta takardar fita da kaya da sunanka da hatimi. In sun hana, ka bar musu abinsu, aikinka ya fi maka zanen.