Tokar da Katolika Ke Shafawa a Goshi

Tambayarmu daga wani mai sauraro ce a Goronyo. Ya ce ya ga maƙwabcinsa, ɗan Katolika, ya dawo daga coci da toka a goshi, yana son sanin dalili.

To malam, wannan rana ita ce Larabar Toka, farkon azuminsu na kwana 40 kafin Ista, ban da ranakun Lahadi. Tokar ta ganyen dabino ce da aka ɗaga a bikin Lahadin Dabino na bara, aka ƙona. Fada kan shafa ta don tunatar da mutum cewa ƙasa ce asalinsa, ita ce makomarsa, ya shirya wa lahira.

A koyarwarsu tuba ba ta ƙarewa rana ɗaya, shi ya sa suke komawa gaban Fada su furta zunubansu.

Mabiya Katolika a Goronyo, Wurno da Rabah suna ƙarƙashin Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato tun 2011. In ka haɗu da maƙwabcin naka, yi masa sannu da azumi.